Yadda ake tuƙi cikin dusar ƙanƙara da share ƙofar gida a hunturun Kanada da arewacin Amurka

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ke zuwa Toronto, Calgary, Winnipeg, Minneapolis ko New York suna sauka ne cikin Agusta ko Satumba, ɗalibai da ma'aikatan jinya da masu iyali. Mutum ya sayi mota, ya saba da hanya, sai wata safiya cikin Nuwamba ko Disamba ya leƙa waje ya ga motar ta yi fari fat. Ko shekara ashirin ka yi kana tuƙi tsakanin Kano da Kaduna, a wannan safiyar sabon shiga ne kai, kuma babu kunya a ciki. Abin da ke tsare mutum a nan shi ne bin aiki daki-daki, kuma rabin aikin ana gama shi tun kafin a saka makulli a mota.

Tun dusa ba ta sauka ba

Taya ce farko. Tayar da aka sayar maka da motar, wadda ake cewa ta kowane yanayi, robarta tana sandarewa da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Selshiyos, sai ta rage kama kwalta ko da babu dusa ko ɗis. Tayar hunturu an yi ta da roba mai laushi da ƙananan tsagogi masu cizon ƙanƙara. Ana gane ta da alamar da ke gefenta: dutse mai kai uku da tauraron dusa a ciki. Haruffan M+S kaɗai ba su kai wannan alamar ƙarfi ba. Ka saka guda huɗu. Masu saka biyu a gaba don rage kashe kuɗi suna gayyato wa kansu haɗari, domin gaba zai kama ƙasa baya kuma ya wulwula a kwana.

A lardin Quebec doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A British Columbia ana buƙatar tayar hunturu a manyan hanyoyi da dama tun daga 1 ga Oktoba. Ontario ba ta tilasta ba, amma kamfanonin inshora na can suna yin ragi ga wanda ya saka, don haka ka kira su ka faɗa. Ka nemi layi wurin masu taya tun Oktoba, saboda ranar da dusar farko ta sauka kowa can zai nufa. Bayan an saka, ka riƙa gwada iskar taya sau ɗaya a wata, da safe kafin ka tuƙa, domin sanyi yana rage ta. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba.

Sai batir. Sanyi na rage masa ƙarfi a daidai lokacin da injin ke buƙatar ƙarfin don ya tashi. In ya wuce shekara uku zuwa huɗu, a gwada shi a gareji. Ruwan wanke gilashi kuma a zubar da na bazara a zuba wanda aka rubuta yana jure digiri 40 ƙasa da sifili, a ajiye wani galan a but, saboda gishirin titi yana sa mutum ya yi ta fesawa. Ruwan lagireto kada a kuskura a ƙara masa ruwan famfo zalla kamar yadda muka saba. Yana daskarewa ya fasa injin. Wanda ke zaune a Winnipeg, Saskatoon ko Edmonton zai ga motoci da wayar lantarki tana leƙowa daga gaba. Hita ce ta ɗumama injin. Idan sanyi ya kai digiri 15 ƙasa da sifili ko fiye, a jona ta awa biyu zuwa huɗu kafin fita.

A but ka ajiye ƙaramin shebur, buhun yashi, wayar haɗa batir, bargo, safar hannu da hula, tocila, cajar waya, ruwa da ɗan abin ci kamar dabino ko gyaɗa. Burushin share dusa mai abin kankare ƙanƙara a gindinsa ka sayi biyu, ɗaya a mota ɗaya a cikin gida, domin akwai ranar da sai ka share ƙofar motar kafin ka iya buɗe ta. Tankin mai kada ya sauka ƙasa da rabi duk tsawon hunturu.

Share ƙofar gida

Mai haya ya fara duba takardar yarjejeniyarsa ko ya tambayi mai gida wa ke da alhakin sharewa. Birane suna da wa'adi kan hanyar masu tafiya a ƙasa da ta gifta gaban gidanka. Calgary tana ba da awa 24 bayan dusa ta tsaya. A New York, idan ta tsaya tsakanin bakwai na safe da biyar na yamma, awa huɗu kawai gare ka. Ban da tarar da za a ci ka, akwai haƙƙin maƙwabci: tsohuwa ko mai keken guragu da za su bi ta nan, in wani ya faɗi ya karye a gabanka, da kai za a yi shari'a.

Kafin ka taɓa shebur, ka zagaya bayan gida ka duba bututun da hitar gida ke fitar da hayaki. A gidaje da yawa yana fitowa ne ta jikin bango kusa da ƙasa. Idan dusa ta toshe shi, hayakin na iya komawa cikin gida, kuma shi ne gubar nan ta kabon monoksaid da ke kashe iyali guda idan an kunna janareto a ɗaki, ba ta da wari ba ta da launi. Ka share bakinsa, ka share mitar gas da hannu ko tsintsiya, ka tabbata na'urar da ke ƙara idan ta ji gubar tana da batir.

Sutura a jera ta hawa-hawa, yadda in zufa ta karyo za ka cire ɗaya. Takalmi mai ƙasa mai kaushi. Silifas ko takalmin fata na zuwa masallaci bai da wuri a nan ko da taku biyar ne.

Shebur iri biyu ne: mai faɗi na turawa, da mai zurfi na ɗauka. Turawa ita ce aikin, ɗauka sai dole. Ka fara buɗe layi ɗaya a tsakiyar mashigar mota daga ƙofar gareji zuwa titi, sannan ka riƙa tura dusar daga tsakiya zuwa gefe, dama da hagu. Haka ba za ka taɓa dusa ɗaya sau biyu ba. Idan za ka ɗauka, ka rage lodi, ka durƙusa da gwiwa bayanka a miƙe, shebur kusa da jiki, ka juya da ƙafafunka gaba ɗaya ka zubar. Murɗa kugu da jifa ta kan kafaɗa shi ke kwantar da mutane mako guda. A farkon hunturu ka riƙa zubar da ita nesa da gefen, domin zuwa Fabrairu tudun zai kai kafaɗa kuma za ka rasa inda za ka ɗora.

Kada ka jira ta gama sauka in an ce za ta yi yawa. Fita sau biyu ko uku kana share santimita biyar ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan santimita ashirin lokaci guda. Kuma ka share kafin mota ko ƙafa su taka, saboda dusar da aka danne takan zama ƙanƙara mai manne wa siminti har bazara.

Akwai abin da ke ƙona wa kowane sabon zuwa rai: ka gama sharewa, motar share titi ta wuce ta toshe maka bakin mashiga da tudu mai nauyi. Ba za ka hana ba, amma za ka rage. Ka tsaya kana fuskantar titi. Motar tana zuwa ne daga hagunka. Dusar bakin mashiga ka tara ta a damanka, inda motar za ta tura ta gaba, sannan ka share ɗan fili a gefen titi ta hagu don ta sauke lodinta can kafin ta iso ƙofarka. Tudun da ta bari ka kwashe shi da wuri. Haɗe yake da gishiri da ruwa, in ya kwana sai ya zama dutse. Zuba dusa a kan titi laifi ne a Ontario da wurare da dama. In akwai famfon 'yan kwana-kwana a gabanka, ka share kewayensa kamar mita ɗaya.

Gishiri ana barbaɗa shi bayan an share, kaɗan kuma a warwatse. Gishirin da aka saba yana aiki sosai har wajen digiri 10 ƙasa da sifili, daga nan ƙarfinsa ya faɗi. Idan sanyin ya wuce haka sai mai sinadarin kalsiyam kulorayid, ko yashi, wanda ba ya narkar da komai amma yana ba ƙafa da taya abin kamawa. Yawan gishiri na cin siminti, musamman sabo, yana ƙona ciyawa. Ruwan zafi kuwa kada ya zo kusa: zai narkar na minti biyar ya daskare ya fi da santsi.

Zan daɗe a kan maganar zuciya, domin mu ba mu ɗauki shara a matsayin aikin da ke kisa ba. Sanyi yana matse jijiyoyin jini, hawan jini ya tashi, ga ɗaga nauyi da hannu, ga riƙe numfashi. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka tana gargaɗi a kan wannan duk shekara. Hawan jini da ciwon suga sun yi yawa a cikinmu, wasu ma ba su san suna da su ba. Wanda ya haura arba'in da biyar kuma ba ya motsa jiki, ko yana da ciwon zuciya, ya ba samarin gida aikin ko ya biya a yi masa. Wanda zai yi ya huta bayan kowane minti goma sha biyar, kada ya fara da cikakken ciki. Nauyi a ƙirji, ciwo da ke bin hannu ko muƙamuƙi, jiri, zufa mai sanyi, ɗaya daga cikinsu ya isa a jefar da shebur a kira lambar agajin gaggawa 911, ba a shiga ɗaki a kwanta a ce zai wuce ba. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, tsakiyar dusa ke nan. Mai azumi ya bar shara mai nauyi zuwa bayan buɗa baki da ɗan hutu in wa'adin birni ya ba da dama, domin jiki na rasa ruwa a sanyi ko da ba a jin ƙishi.

Masu injin feshe dusa, abu biyu. Idan bututunsa ya toshe, a kashe, a jira, a zungura da sandar da ta zo da shi. Hannu ba ya shiga ko da injin a kashe yake, saboda ruwan wuƙar na iya juyawa da zarar toshiyar ta saki, yatsu da yawa sun tafi a haka. Na biyu, 'yan'uwa mata, gyale ko dogon hijabi a cusa shi cikin rigar sanyi kafin a tsaya kusa da shi, maza ma a ajiye jallabiya da dogon mayafin wuya.

Share mota

Ka fara da salansa: ka tabbata dusa ba ta toshe bakinta ba, sannan ka tayar. Kada ka ɗumama mota a cikin gareji, ko ƙofar a buɗe. Ka kunna iskar gilashin gaba da hitar gilashin baya, ka kashe maɓallin da ke juya iskar ciki, ka bar AC a kunne domin yana busar da iska ya hana gilashi yin hazo.

Sai ka fita da burushi ka fara daga rufi. Mutane na barin rufi saboda wahalar kaiwa, alhali shi ne zai zamo ya rufe maka gilashi a birkin farko, ko ya tashi a babban titi ya daki na bayanka. A Pennsylvania da New Hampshire akwai dokar da ta tilasta share shi. Daga rufi sai gilasai duka, madubai, bonet, but, fitilun gaba da baya, da lamba. Waifa in ta manne kada ka kunna, ka ɓamɓare ta a hankali da hannu bayan gilashi ya ɗan ɗumama. Ka karkaɗe takalminka kafin ka shiga don kada ƙafa ta zame daga kan birki. Yaran da ke kujerar jarirai a cire musu rigar sanyi mai kumburi kafin a ɗaure bel, a lulluɓa musu ita a sama, domin bel ba ya kama jiki ta cikinta.

Kafin ka bar gida ka duba 511, layin bayanin yanayin hanya na lardinka ko jiharka, a waya ko a intanet. In an yi gargaɗin ruwan sama mai daskarewa ko guguwar dusa, kuma tafiyar ba dole ba ce, zama a gida shi ne daidai.

A kan titi

Komai a hankali ake taɓawa: totur, birki, sitiyari. Taya tana da ɗan riƙo kaɗan, in ka kashe shi a kan birki babu sauran na kwana. Don haka a rage gudu tun mota na miƙe, a saki birki, sannan a karya sitiyari. Mai giyar hannu ya tashi da giya biyu in ta ɗaya tana sa taya wulwulawa. A layin unguwa inda babu kowa bayanka, ka ɗan taka birki kana gudu kaɗan don ka ji yadda ƙasa take a ranar.

Tazara ita ce babbar kariya. Dokar hanya ta Ingila ta ce nisan tsayawa a kan ƙanƙara na iya ninka na busasshiyar kwalta sau goma. Ka zaɓi wata alama a gefen hanya, in na gabanka ya wuce ta ka ƙirga daƙiƙa shida zuwa takwas kafin ka iso. Wani zai shiga tsakaninku, ka ja baya ka sake buɗewa. Lambar gudu da ke kan allon gefen hanya ta ranar rani ce. Na'urar riƙe gudu da kanta a kashe ta. Fitila a kunna da hannu, domin a motoci da yawa fitilar rana tana haska gaba ne kawai baya duhu, kuma babbar fitila cikin dusa mai sauka tana dawo maka da haske ido.

Masu manyan motoci da ƙafa huɗu ke ja, ku ji wannan da kyau: jan ƙafa huɗu yana taimakon tashi da hawa, ba ya ƙara komai wajen tsayawa. Shi ya sa ake yawan ganin irinsu a rami bayan guguwa.

Baƙar ƙanƙara ta fi dusa haɗari, domin kwalta ce kake gani kamar ta jiƙe. Tana samuwa a kan gada da gadar sama, waɗanda ke daskarewa kafin sauran hanya tunda iska na bi ta ƙarƙashinsu, da wuraren inuwa, da bakin danja inda tayoyi suka goge dusa ta yi sulɓi. Lokacinta asuba ne da bayan faɗuwar rana, wato lokacin masu zuwa sallar Asuba da masu dawowa daga aikin dare. In hanya tana ƙyalli amma tayoyin na gabanka ba sa fesa ruwa, ka ɗauka ƙanƙara ce. In ka ji sitiyari ya yi sakwa-sakwa, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe shi a miƙe, kada ka taɓa birki har ka wuce.

Idan dole ka tsaya da gaggawa, motar da ke da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa yayin birki, a danne birki da ƙarfi a riƙe. Zai yi kakkarwa da gurnani a ƙarƙashin ƙafa, aikinsa ke nan, kada ka saki, kuma kana iya juya sitiyari a lokacin. Idan ka karya kwana mota ta ci gaba da miƙewa, ƙara murɗa sitiyari ba zai yi komai ba. Ka saki totur, ka ɗan warware sitiyarin har tayoyin gaba su sake kamawa. Idan bayan motar ne ya fara fita gefe, ka juya sitiyari zuwa ɓangaren da bayan ya nufa, ka shirya mayar da shi da zarar ta daidaita don kada ta wulla ɗaya gefen. A duka biyun idonka ya tsaya kan inda kake son zuwa, domin hannu yana bin ido. Wannan ba a koyonsa da karatu kawai. Ka sami filin ajiye motoci da babu kowa kuma babu turakun fitila kusa, ka gwada birki da kwana da gudu kaɗan.

Hawa, ka samo ɗan gudu tun daga ƙasa ka riƙe shi, kada ka tsaya a tsakiya. Gangara, ƙaramar giya tun daga sama. Motar share titi, wadda a Ontario ke da shuɗiyar fitila mai walƙiya, a bi ta a baya da nisa. Hanyar da ke gabanta ta fi ta bayanta muni.

In ta kafe

Wanda ya taɓa kafewa a yashi ya san dokar: yawan totur rami yake tonawa. Ka miƙe sitiyari, ka share dusa gaba da bayan tayoyi da ƙarƙashin mota, ka zuba yashi a gaban tayoyin da ke ja. Ka kashe na'urar hana taya wulwulawa na ɗan lokaci, ka yi gaba kaɗan, baya kaɗan, kana barin taya ta tsaya cak kafin ka canza giya. Masu turi kada su tsaya daidai bayan taya.

Idan guguwa ce ta tare ka a hanya, ka zauna cikin mota. A Janairun 2022 direbobi sun kwana a babbar hanyar I-95 a Virginia, wasu fiye da awa 24. A Disambar shekarar, guguwar birnin Buffalo da ke jihar New York ta kashe fiye da mutum 40, wasu a cikin motocinsu, wasu a waje bayan sun fita da ƙafa. Ka kira 911 ka faɗi inda kake, ka kunna fitilun haɗari, ka ɗaura ƙyalle mai launi a jikin ƙofa. Injin a kunna shi kamar minti goma a kowace awa don ɗumi, taga a ɗan buɗe, kuma kowane karo sai an fita an share bakin salansa tukuna. In ku biyu ne ko fiye, a yi barci bi da bi.

Sauran abin da ke cinye kuɗin sababbin zuwa shi ne ajiye mota a titi. Chicago ta hana ajiyewa a manyan tituna da dama daga uku na dare zuwa bakwai na safe, tun 1 ga Disamba har 1 ga Afrilu, ko dusa ta sauka ko ba ta sauka ba. A Montreal ana kafa alluna masu ruwan lemo kafin a kwashe layi, motocin janwe su bi suna jiniya, wanda bai matsa ba a ja motarsa. Minneapolis tana shelar dokar ta-ɓaci ta dusa mai ƙa'idar wane gefe za a ajiye a wace rana. Ka yi rajistar saƙon birninka a waya tun kafin Disamba. Duk ranar da sanyi ya ɗan sassauta kuma, ka kai mota wanki a wanke ƙarƙashinta, domin gishirin titi yana cin ƙarfe da bututun birki.